Reshen Inna a Motar Albasa

Tun da na dawo daga Kumasi ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a majalisarmu ta Ƙofar Atiku sai wani ya matso da kujerarsa: "Umaru, wai da gaske ne can rawa ake yi in an yi mutuwa?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gida. Jiya ma na ji wai an ɗaure ni a Togo saboda tsafi. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya karanta, ni kuma in huta.

Da farko dai ba kasuwanci ya kai ni ba. Ni malamin firamare ne, kuma kafin wannan tafiya iyakar yawona Birnin Ƙonni. Itace ya kai ni.

A tsakar gidanmu akwai wani itace gajere mai rassa masu kauri. Furanninsa farare ne da ruwan ƙwai a tsakiya, kuma da la'asar ta yi sai ƙamshinsu ya haura katanga ya shiga gidan maƙwabta. Babu wanda ya san sunansa, duk unguwa itacen Inna ake ce masa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya kawo shi daga Kumasi yana ɗan reshe busasshe, lokacin yana fataucin goro, Inna tana amarya. Baba mutumin kirki ne, amma in ya fara labarin tafiya sai ka riƙe hularka. Daga wannan tafiyar da takalmi ɗaya ya dawo, ya ce dorina ce ta haɗiye ɗayan a wajen ƙetare kogi. Muna yara dorinar kamar saniya take. Kafin ya rasu ta kai girman ɗaki.

Rigimar ta taso ne daga yayana, Malam Bello. Littattafansa sun yi masa yawa, yana son gina musu ɗaki, kuma babu fili a gidan sai gindin itacen. Ya ɗauki hoton furen da waya, wayar ta gaya masa wai a ƙasashe da yawa a maƙabarta ake shuka shi, maƙabartar ma ba ta Musulmi ba. Ya zo da wannan hujja ya tsuguna gaban Inna.

To, Malam ɗan fari ne. Inna ta haura tamanin, shi gemunsa ya yi fari fat, amma har yau ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ina nan, ta bakina take aika saƙo. In ba na nan, randa take gaya wa, ko buta.

"Umaru," in ji ta, "hwaɗa ma wancan, waya ba ta taɓa zuwa Kumasi ba."

Malam yana zaune kusa da ita har inuwarsu ta haɗu. Ya ce, "Umaru, ce ma Inna na ji."

Sai ta gyara zama ta yanke hukunci. "Ranar da ubanku yak kawo iccen ga, ya hwaɗa min sunan da mutanen can ka kiran shi. Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba. Kai, Umaru, tahi ka jiyo. In sunan da kaz zo da shi ya yi daidai da nashi, icce ya zauna. In ƙarya yay yi min, ni da kaina zan aro gatari."

Na ce, "Inna, ko farkon sunan ki ɗan taɓa min mana." Ta yi mini kallon da take yi mini tun ina satar ƙuli-ƙuli a ɗakinta. Gaskiya na ji tsoro, don na san tarihin Baba da gaskiyar labari. Kuma na gane ba itace kaɗai aka ɗora a kan sikeli ba. Tsohuwa ce ta ɗauko maganar da ta ɓoye tun tana amarya, ta ce a je a gwada ta.

Ta karyo reshe don in nuna a can, ta bar shi a inuwa har farin ruwansa ya bushe, ta naɗe shi cikin farin ƙyalle, ta ɗaure da zare, ta yayyafa masa turare. Ta haɗa mini da ƙullin kilishi. Mota kuwa ba a sha wahalar nema ba, don taubashina Sahabi direban babbar mota ne, yana kai albasa Kumasi. Da ya ji dalilin tafiyar sai da ya zauna a ƙasa don dariya. "Mutane na zuwa Gana neman arziki, bawana za shi neman sunan kara!"

Wanda bai taɓa tafiya da buhunan albasa a bayansa cikin zafin rana ba, bai san wari ba. Kafin mu kai Jega rigata ta ɗauka, hulata ta ɗauka, kilishin ma ya ɗauka. Ni da na fito aikin ƙamshi, duk inda muka tsaya salla sai in ga sahu ya ɗan buɗe ta gefena.

A iyakar Binin aka fara. Jami'in da ke duba kaya ya zaro ƙullin daga jakata, ya ga farin ƙyalle da zare da turare, sai ya ajiye shi a hankali a kan tebur ya ja da baya. Ban ga laifinsa ba, ni ma in na tsinci irinsa a mararraba ba zan taɓa ba. Na yi bayani da Hausa, na yi da Turanci, mutumin Faransanci yake ji. Sahabi ya ce in bar masa, shi tafinta ne. Faransancin Sahabi kuwa na taya ne da man mota. Ya yi 'yan kalmomi yana nuna ƙullin yana nuna ni, sai na ga jami'in ya cire hularsa ya sunkuyar da kai.

Wani dattijo mai doguwar farar riga da ke bayanmu ya tuntsire da dariya. Fada ne, na coci, motarsa ta lalace a nan. Ya ce mini da Hausa tsantsa, irin ta Maraɗi, inda ya ce ya yi shekaru: "Malam, abokinka ya ce mahaifiyarka ce a cikin ƙyallen." Ya kwance zaren da kansa, ya shinshina reshen, ya kama hannun jami'in ya zagaya da shi bayan ofis. Ga itacen Inna nan tsaye, an jingina masa tsintsiya da bokiti. Aka yi dariya aka buga mana hatimi.

Ladan da muka ba Fada shi ne muka ɗauke shi zuwa garin Faraku. Ya zauna tsakanina da Sahabi, ya ce shi albasa ba ta dame shi ba, kilishin ma bai dame shi ba, don ya ci fiye da rabi. A nan na tambaye shi sunan itacen.

"Firanjifani," in ji shi. Ya ce ya yi karatu a Rum, can ya ji asalin. Wai sunan wani gidan sarauta ne na Italiya, kuma ma'anarsa masu gutsura gurasa, don an ce a wata shekarar yunwa kakanninsu sun buɗe rumbu sun yi ta raba wa talakawa. Daga baya wani ɗan gidan ya haɗa turaren da masu hali ke shafa wa safar hannu ta fata, turaren ya ɗauki sunan gidan. Can da Turawa suka isa tsibiran Amurka suka tarar da wannan fure, suka shinshina suka ce ai ga turaren nan ya tsiro a itace. "Ka ga," in ji Fada yana lasar yatsa, "ko'ina fure ke ba turare suna. Wannan kaɗai turare ya raɗa wa fure."

Daɗi ya kama ni. Masu gutsura gurasa su raba! Ai Inna ke nan, wadda ba a taɓa shiga gidanta aka fita ba a sha fura ba. Na yi ta maimaita sunan don kar ya gudu, har Sahabi ya ce in daina, kamar ina kiran sunan allurar shanu. Bayan mun sauke Fada kuma ya zuba mini ruwan sanyi: "Kai dai ba ka da wayo. Ina Kawu, babanka, yas san Italiya? Da ya san ta, da dorinar ga 'yar can ta." Na ji haushi, don gaskiya ya faɗa.

A Faraku mun sauka a zango, masaukin direbobi, tabarma a baranda da sauro mai ladabi, sai ya yi sallama a kunne kafin ya ciza. Abin da ya ba ni mamaki a garin shi ne da rana ta take sai a rufe shaguna, kowa ya tafi barci, har mai sayar da katin waya. Mu a Sakkwato da rana ke dafa ƙwai a aljihu ba mu samu wannan dabara ba. Ga mata a kan babur, goyo a baya, kwando a gaba, suna wuce maza suna danna musu oda. Abinci kuwa sakwara ce da miya da soyayyen cuku na Fulanin can. Na ci na ƙara, na roƙi Allah ya yafe mini abin da na taɓa faɗa a kan masu cin doya.

Togo siririya ce, ban san ta sosai ba, don gyangyaɗi na yi. Abin da na sani shi ne na farka na ga mota tsaye a gefen hanya bayan garin Kara, jakata a buɗe, farin ƙyalle a kan kujera. Na leƙa. Ga Sahabi ya buɗe tankin mai, reshen Inna a hannunsa, zai tsoma ya ga saura nawa. Ban san lokacin da na diro ba, ni da gwiwa ke hana ni tsawaita sujada. Muka yi ta kokawa a bakin titi, dattawa biyu a kan kara ɗaya, mata masu tallar ayaba suka kewaye mu suna ba da shawara da yarensu. Ina jin daga nan labarin ɗaurina ya samo asali.

Mun shiga Kumasi ranar Asabar, muka tarar an tare hanya da rumfuna. Kiɗa na tashi, mutane cikin ja da baƙi suna rawa, ana raba lemo, ga hoton wani dattijo ya kai tsawon ƙofa. Na ce wa Sahabi lallai wannan ango ya tsufa. Ya ce ba ango ba ne, mamaci ne, kuma ya yi watanni a firij yana jiran 'ya'yansa su iso daga Turai. Na tuna yadda muke yi: mutum ya cika da hantsi, kafin azahar an dawo ana karɓar gaisuwa. Wata mata ta miƙo mini lemo ta taga tana murmushi, na rasa ko barka zan ce ko Allah ya ba da haƙuri. Na haɗa duka biyun.

Da aka buɗe hanya muka bi ta gefen wata tsohuwar maƙabarta, sai dariyata ta ɗauke. Ta saman katanga ga itacen Inna, ba ɗaya ba, ba biyu ba, jere a kan kaburbura, furanni sun zuba fari fat. Wayar Malam ba ta yi ƙarya ba.

Inna ta ba ni sunan maigidan da Baba ke sauka wurinsa a zango. Ya daɗe da rasuwa, amma 'yarsa tana nan, Hajiya Mariyama, tsohuwa mai jiki, dillaliyar goro. Al'adarsu sai an ba baƙo ruwa ya sha, sannan a tambaye shi abin da ya kawo shi. Ni dai bayan ruwan sha sai ta sa aka kai mini na wanka, da sabulu sabo, ba ta ce don me ba, ni ma ban tambaya ba. Aka kawo fufu. Ina cikin tauna ta daka mini tsawa, wai ba a taunawa, haɗiyewa ake yi. Na ce mu a gida abin da ba a taunawa, magani ne. Hausarsu kuma ba ta raba mace da namiji, ta tambaye ni, "Maman ka, yana lafiya?" Na ce yana lafiya, don baƙo ba ya gyara wa mai gida harshe.

Sannan na kwance ƙyallen, na faɗi sunan Baba. Hajiya ta kalli reshen, ta kalle ni, sai ta fara dariya tun daga ciki har kujerar na motsi. "Kai yaron Mai Takalmi Ɗaya ne!"

Ta ce lokacin tana budurwa. Baba ya zo sabon aure, ya ishi kowa a gidan da zancen amaryarsa, yana neman tsarabar da babu matar da ke da irinta a Sakkwato. Wata rana suna wucewa ta maƙabartar nan ya ji ƙamshi, ya tambaye ta sunan itacen, ta gaya masa. "Da ya ji sunan, shi ke nan. Rana tsaka, da babban riga, baban ka ya hau bango! Ya karya reshe, mai gadi ya kama ƙafan shi, shi ya faɗo waje, takalmi ya zauna ciki. Takalmin nan ya yi shekaru rataye a ƙofa, kowa ya san shi."

Ashe dorinar ke nan. Na ce, "Hajiya, firanjifani kika gaya masa?"

"Firan me? Wannan na littafi ne. Mu nan da Turanci muke kiran shi." Ta faɗi kalmomi uku, ta fassara mini: kar ka manta da ni. Ta ce shi ya sa ake shuka shi a kan kabari.

Ni ban taɓa jin Baba ya kira Inna da sunanta ba, iyakarsa "ke" ko "masu gida". Ban taɓa ganin sun zauna a tabarma ɗaya ba. Ashe mutumin nan ya taɓa hawa katangar maƙabarta saboda ita. Da na zo naɗe reshen sai na ga kansa ya tsago ɗan kore, duk da albasa da kokawar Togo. Hajiya ta karɓe shi ta ce a bar shi nan, za ta shuka, kayan sata ya dawo gida.

A hanyar dawowa Sahabi ya ɗauko goro, wari ya ragu, amma ni nauyi ya ƙaru. Ina da suna biyu. Ɗaya mai tsabta, da sarauta da sadaka a ciki. Ɗayan daga kabari ya fito, zai ba Malam gaskiya, kuma ko ba wannan ba, ta yaya ni da furfurata zan dubi idon mahaifiyata in faɗi irin wannan magana? Na ce a raina wataƙila Baba ya ji na Italiyan a wani wuri. Mutum in yana jin kunya babu ƙaryar da ba zai yi wa kansa ba.

Na iso gida bayan la'asar. Bulon ginin Malam an riga an sauke a ƙofar gida. Inna tana zaune a gindin itacen, kuma ga gatari jingine a jikinsa, ita ta aro da kanta kamar yadda ta ce. Bayan gaisuwa aka kira Malam. Na gyara murya na fara da Italiya. Na kawo yunwa, na kawo rumbu, na kawo safar hannu da tsibiran Amurka, na yi bayani kamar ina gaban 'yan aji shida. Malam har yana gyaɗa kai.

Inna ta saurara har na gama. Ta ce, "Gurasa."

Na ce, "Gurasa, Inna. Masu rabawa."

Ta kalli itacen tun daga gindi har sama. Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haka ba, ko ranar da aka fita da Baba. A hankali ta ce, "To. Dorina ta biyu ke nan. Umaru, miƙa ma wancan gatari."

Malam ya karɓa, amma ya riƙe shi kamar an ba shi wuta. Na ga tsoron kunyata zai sa a sare itace, a kuma mayar da mahaifina maƙaryaci a wuri ɗaya tak da ya yi gaskiya. Na duba hagu na duba dama, sai idona ya faɗa kan randar da ke bakin ɗakin Inna, wadda ta sha kai saƙo a gidan nan. Na juya mata, na ba Inna baya.

Na ce, "Randa, hwaɗa ma Inna akwai wani sunan. Mutanen Kumasi na ce mishi: kar ki manta da ni."

Da na waiwayo Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta na rawa, ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Ina jin duka biyun ne, irin gaisuwata ta Kumasi.

Malam ya yi gyaran murya. Shi mutum ne da ba ya barin mas'ala a buɗe. "Maƙabartar fa?"

Na ce gaskiya ne, daga can aka karyo shi, kuma takalmin Baba a hannun mai gadi ya kwana. Daga cikin mayafi Inna ta ce, "Ni dai na san dorina ba ta cin takalmi."

Malam ya daɗe yana kallon gatarin. Sannan ya tashi ya kai shi zaure, ya dawo hannu wofi. Ya ce, "Umaru, ce ma Inna littattafai sun saba da zaure, su ci gaba da zama can."

"Hwaɗa ma wancan na ji," in ji Inna.

Bulon yana nan a ƙofar gida, shi ne kuke zama a kai kuna tambayata labarin rawa. Ranar dai Malam ya fita masallaci, ni ma na ɗauki butata. Na kai bakin zaure na tuna na bar hulata, na juyo. Inna ba ta gan ni ba. Ta tsinci fure ɗaya da ya faɗo, tana ƙulle shi a bakin zanenta, tana magana da itacen ƙasa-ƙasa, kamar yadda take yi da randa.

"Hwaɗa mishi ban manta ba," in ji ta. "Sarkin ƙarya."